Abin da Nake Dakawa a Kofin Baba

Masu turo min saƙo kuna cewa "Auta, saura sati uku, Allah ya sanya alheri," na gode, amma ku ɗan dakata da murnar nan tukuna. Yau ba zancen kalar labule na zo muku da shi ba. Abin da zan faɗa ban taɓa furta shi da bakina ba, Umma ma kama ni ta yi. In kun gama karantawa ku zage ni, na yarda, ni ma tun safe nake zagin kaina.

Ga sababbin shigowa: Babana tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keke biyu, teburin yanka, da wani tsohon madubi da ke ƙara wa mutum ƙiba. Ni ce mai sa maɓalli da guga. Shekarata ashirin da tara, kuma maza uku suka zo nemana, Baba ya sallame su da idon tela. Na farko ya ce kafaɗar rigarsa ta fi shi faɗi, bai san girman kansa ba. Na biyu maɓallinsa ɗaya ya bambanta da sauran. Na uku ban ma san laifinsa ba, Baba ya dai kalli bakin wandonsa ya ce "a'a." Umma ta yi kuka har ta gaji, ta koma yi min kallon kamar ni na ɗinka musu kayan.

Shekara biyu da suka wuce aka ce Baba yana da ciwon suga. Aka ba shi wata 'yar ƙwaya fara, ɗaya kowace safiya. Ya sha ta wata biyar, sai ya ce shi ba zai zama bawan ƙwaya ba, ya ture kwalin gefe. Ni ce mai soka masa yatsa da safe, don haka ni nake ganin lambar da na'urar gwaji ke nunawa: ɗari uku, ɗari uku da ashirin. Ruwa kuwa jarka guda yake shanyewa kafin azahar. Mutumin da ake zuwa daga nesa saboda miƙewar ɗinkinsa, sai ga shi yana gyangyaɗi a kan keke, layi yana karkacewa, ni ina farkewa a ɓoye ina gyarawa.

A haka Dogo ya shigo rayuwata, wata huɗu ke nan. Wando ya kawo a ƙara masa tsawo, don babu wandon kanti da ke kai masa idon sawu. Wakilin wani kamfani ne mai sayar da kayan ƙarin lafiya. Ya zo karɓar wando, ya dawo wai aljihu ya huje, ya sake dawowa babu wando babu dalili. Jama'a, ina son mutumin nan. In ya yi dariya sai ya rufe baki da bayan hannu kamar ya yi laifi, kuma bai taɓa tambayata me ya sa na kai yanzu a gida ba.

Shi ya lura da jarkar Baba. Washegari ya zo da wani gwangwani mai murfin zinare, cikinsa gari ne mai duhun shuɗi.

"Baba, wannan daga wasu ƙananan 'ya'yan itace ake tatso shi, beri ake ce musu. Cokali ɗaya a ruwan ɗumi da safe. Ana cewa yana taimaka wa masu suga."

Baba ya shinshina. "Ba ƙwaya ba ce?"

"Ɗan itace ne zalla."

"To ajiye."

Kwana goma ina dama masa, kwana goma lambar nan ko gezau. Ɗari uku da biyar. Ɗari biyu da casa'in da takwas. Ran na goma Baba ya goge bakinsa da ya rine, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"In ya cika sati biyu a haka, shi da gwangwaninsa kada su ƙara tako min shago. Ba zan ba maƙaryaci 'ya ba."

Da na shiga kicin washegari, kwalin ƙwayarsa yana nan a saman kabad inda ya ture shi, ƙura ta rufe. Na ɓallo ɗaya, na sa tsakanin cokali biyu na murƙushe, na zuba a kofin. Garin beri yana da tsami da ɗan ɗaci, ga duhu, ba a gani ba a ji. Baba ya shanye ya miƙo min kofi.

Na gaya wa kaina don lafiyarsa nake yi. Rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kun san shi.

Lamba ta fara sauka. Ɗari biyu da goma, ɗari da saba'in, har wata safiya ta nuna ɗari da ashirin da shida. Baba ya karɓi na'urar ya sa tabarau ya duba da kansa. Ya daina gyangyaɗi, layinsa ya miƙe. Dogo ya tashi daga "yaron nan" ya koma "ɗana." Baba da kansa ya auna shi ya ɗinka masa riga, abin da bai taɓa yi wa wani namiji kyauta ba. Har aka sa ranar bikinmu. Ni kuwa duk wata ina zuwa asibiti da katin Baba in karɓo sabon kwali, in ɓoye a cikin gwangwanin maɓallai.

Dogo ya ɗauki hoton na'urar ya sa a shafinsa. Ya turo min:

"Auta kin gani?? 126! Wallahi da na fara shakkar kayan nan, har na yi tunanin barin aikin. Baba ya dawo min da ƙwarin gwiwa."

Na rubuta "akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na tura masa hoton zuciya.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Gwaggo. Yayar Baba ce. Lokacin da Umma ta yi doguwar jinya ina 'yar shekara huɗu, a hannunta na zauna shekara shida. Ita ta koya min kitso, ita ta koya min riƙe allura, a bayanta na yi ƙyanda. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma in ana lissafin masu 'ya'ya takan ce "ni ɗaya gare ni, amma ta ishe ni." Tana zaune ita kaɗai, layi biyu daga gidanmu. Nata sugan ya fi na Baba tsanani, shekara goma sha ɗaya tana yi wa kanta allura safe da yamma. Cinyarta duk tabo.

Ranar wata Asabar ta zo, Baba ya tasa ta gaba da labari, har da tashi ya yi mata tsalle ɗaya a tsakar ɗaki.

"Yaya, dube ni. Wata uku ina shan garin nan, ko ƙwaya ɗaya ban haɗiya ba. Ke kina can kina huda jikinki kamar matashin allurai."

Gwaggo ta juya gwangwanin a hannunta. Ta kalle ni.

"Auta, da gaske ne lambar?"

"Da gaske ne, Gwaggo."

Lambar ai da gaske ce. Da wannan na lallashi kaina har ta sa gwangwani a jaka ta tafi.

Kwana biyu bayan nan Umma ta kama ni. Na ɗauka tana shanya, ashe tana bayana, cokali biyu a hannuna, farin gari a ciki. Ta ja ƙofar kicin ta rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Ta zauna a kan bokiti. Na jira mari, wallahi da ma ta mare ni. Sai ta ce:

"Zuba ki kai masa, ruwan zai huce."

"Umma, Gwaggo ta tafi da gwangwani. In ta bar allura fa?"

"Ni zan yi mata magana."

"Gara in faɗa wa Baba kawai."

Ta miƙe ta riƙe min hannu har sai da na ji zafi. "Ki faɗa masa me? Cewa kin mayar da shi abin dariya a gaban duk telolin layi? Ya tsaya a bakin shago yana rantsuwa da garin nan. Kin san halin ubanki. Ranar zai kori yaron nan, ya daina shan komai daga hannunki, ya koma gyangyaɗi. Kin rasa miji, kin rasa uba. Shekara nawa ina jiran in ga ranar nan, Auta? Ƙawayena har jikoki suke aurarwa. Ki bari a ɗaura, bayan nan ki faɗi duk abin da kike so."

Umma ta cika alkawari, ta je ta yi wa Gwaggo magana. Kuskuren ke nan, kuma da na yi tunani da na hana ta. Shekara talatin da biyar matan nan biyu suna gaisawa da haƙora. In Umma ta ce ana ruwa, Gwaggo sai ta fito da shanya. Umma ta ce mata kada ta bar allura, Gwaggo ta ce ashe akwai masu baƙin cikin ta warke. A ranar Gwaggo ta kwashe kwalaben allurarta daga firij.

Bayan 'yan kwanaki na je da kaina. Na same ta a kan kujerarta ta roba, kofin shuɗin ruwa a gefe, leɓenta a bushe.

"Gwaggo, ki haɗa biyun mana. Ki sha wannan, ki yi allurar."

"Ubanki haɗawa ya yi?"

Na kalli kofin da ke gefenta.

"To. Jini ɗaya muke da shi. Abin da ya yi masa zai yi min." Ta shafa cinyarta. "Kwana biyar ban huda kaina ba, Auta. Kin san daɗin da na ji? Har na manta yadda mutane suke tashi da safe ba tsoro."

"Kin gwada sugan?"

"Na'urar ta ce sama. Ubanki ya ce haka nasa ya yi kwana goman farko, sai daga baya ya faɗo. Ke ce ma shaida."

Na shiga kicin ɗinta wai zan wanke mata kofi. Na tsaya ina kallon cokulanta. Ƙwaya tana dakuwa, allura fa? Ta ina zan zuba mata ita? Na buɗe famfo don kada ta ji kukana.

A hanya na yi wa Dogo saƙo.

"Kai ka ce wa Gwaggo ta bar allura?"

"Ni? A'a wallahi. A jikin gwangwanin ma an rubuta kada a bar maganin likita. Na faɗa wa Baba, ya ce rubutun tsoron hukuma ne."

"Ka kira ta ka hana ta."

"Zan gwada. Amma Auta, ya zan yi in musa wa Baba? Ke ma ai kin ga ikon Allah a jikinsa da idonki."

Sai ga wani saƙon: "Kin ci abinci? Kin rame kwana biyun nan. Amarya ba ta ramewa fa."

Na kashe wayar. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo na ce jibi. Kullum da safe ina murƙushe ƙwaya, kullum da yamma ina leƙa Gwaggo, ina ganin idonta yana zurmawa, zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ɗaya da rabi. Na ɗauko kwalaben daga inda ta jefa su na mayar firij, ta sake fitarwa. Na kira ta da kuka, ta ce shaƙiyancin amare ne.

Shekaranjiya da hantsi ina tsaye a shago a kan ɗan benci, Baba yana gwada min rigar bikin. Ruwan madara ce, mai dogon hannu, ya yi mata aikin zare a wuya da hannunsa, sati biyu yana kai. Allurai cike da bakinsa, yana cewa in daina motsi. Wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciyar Gwaggo ce. Ta ga har rana ta ɗaga ba a buɗe taga ba, ta leƙa, ta same ta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, tana numfashi da ƙyar, ba ta gane kowa.

Da rigar a jikina na shiga mota, allurai suna sukata ko'ina, ban cire ko ɗaya ba.

Kwana biyu ba ta san inda take ba. Ruwa leda bayan leda, ana soka mata yatsa duk awa. Ni ina bakin gado ina kallon tafin ƙafarta da ya tsage, ƙafar da ta yi ta zarya da ni makaranta. Dogo ya zo da lemo da ruwan roba, ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya kasa shigowa. Baba ne ya jawo shi ciki ya ce ba laifinsa ba ne.

Yau da safe ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne wa ya bar ni na fito ba ɗankwali mai kyau.

Wajen ƙarfe goma likita ta shigo, wata mace mai ƙaramin jiki da tabarau a goshi. Muna nan duka: Baba a kan kujera, Umma a tsaye kusa da ni, Dogo a jikin bango. Ta duba takarda ta ce:

"Mama, kin tsallake rijiya. Da an ƙara rabin yini da ba wannan maganar muke ba. Wa ya ce ki bar allura?"

"Ni ne," in ji Baba. Ya ciro gwangwanin daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan gado.

Likita ta karanta jikinsa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Baba, irin wannan akwai binciken da ke cewa yana iya ɗan taimakawa, kaɗan, a wajen wasu. Amma ba ya zama a madadin magani, balle allura. Jikin Mama ba ya iya yi sai da ita. In ta sake bari, nan za ta dawo, ko kuma ba za ta iso ba."

"Likita, ke karatu kika yi, ni a jikina na gani." Baba ya dafa ƙirji. "Daga ɗari uku zuwa ɗari da ashirin. Kusan wata huɗu garin nan kawai nake sha, ban sha ƙwayarku ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Da wuya, Baba. Wa yake haɗa maka? Wa yake gwada ka?"

"Ga ta nan. 'Yata. Ita take damawa, ita take gwadawa. Tambaye ta."

Likita ta juyo. Duk suka juyo. Ta sauke tabarau ta kalle ni sosai, irin kallon wanda ya riga ya san amsa yana ba ka dama ka faɗa da kanka.

"Ƙanwata, babu wani abin da yake sha bayan wannan garin? Ki tuna da kyau. Maganar rai ce."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe shi da niyyar faɗa. Sai na ji yatsun Umma sun zagaye wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi. Na ga Dogo yana kallona, idonsa ya yi ja, yana jiran in wanke shi. Na ga Baba ya ɗaga haɓa, ko shakka babu a fuskarsa.

"Babu," na ce. "Garin ne kawai."

Ban san muryata za ta fito da ƙarfi haka ba.

Likita ta daɗe tana kallona. Ta mayar da tabarau, ta ce to sai a yi wa Baba gwaji na musamman, amma Mama dai dole ta ƙara kwana huɗu, kuma da allura za ta koma gida.

"A'a."

Gwaggo ce. Ta yunƙura ta jingina da filo.

"Kin ji dai da kunnenki, likita. Yarinyar nan ni na raine ta. Ko tsinken ashana ta ɗauka sai ta zo ta faɗa min. In ta ce garin ne, to garin ne. Ni ce na yi gajen haƙuri, ko kuma cokalina ne ƙarami. Cire min wannan abin, gida zan tafi."

"Mama, in kika fita yau..."

"Na ji. Jikina ne."

Likita ta yi magana, ma'aikaciyar jinya ta yi, har Dogo ya matso ya ce "Gwaggo don Allah ki bari su gama." Umma ma ta sa baki, abin da ya ƙarasa lalata komai ke nan. Gwaggo ta fara ɓanɓare filastar hannunta da kanta. Baba yana gefe yana cewa a bar ta, cokali biyu za ta koma sha.

Daga ƙarshe likita ta fita, ta dawo da takarda guda. Ta ce duk wanda zai tafi ba da yardar asibiti ba sai an sa hannu, an yarda cewa duk abin da ya biyo baya an ji an gani. Ta ajiye ta a kan gado, ta ɗora biro a kai.

Gwaggo ta ɗauka, hannunta duk kumburin ruwa. Ta gwada, biron ya zame. Baba ya laluba aljihu, ya bar tabarau a shago.

"Bar shi," in ji Gwaggo. Ta ɗago ta yi min murmushi da busasshen leɓenta, ta miƙo min. "Zo, 'yata. Ke kika iya rubutu mai kyau. Sa min hannu mu tafi gida."

Umma ta sake min hannu, ta ɗan tura ni gaba.

Na karɓi biron.